Ina so in karɓi tsohon kare mai tsoro daga hannun mai riƙo, ku ba ni shawara

Maman_Iman ta rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah shawara nake nema kuma a daure a karanta har ƙarshe kafin a yanke min hukunci, don na san wasu da jin an ce kare za su yi a'uzubillahi su wuce.

Ina zaune a gefen Manchesta, aikin kula da tsofaffi nake yi irin wanda ake bin su gida gida. Akwai wata tsohuwa da na daɗe ina zuwa wajenta safe da yamma, ita kaɗai ce a gidan sai karenta Alfi, jinsin karnukan kiwon tumakin nan ne da ake ce wa koli amma gauraye, baƙi da fari, likita ya ce zai kai shekara 10. Ita ma ba tun yana ɗan kwikwiyo ta same shi ba, daga wata gona aka ƙwato shi inda aka ɗaure shi a rumfa shekara da shekaru, to shi ya sa tsoro ya yi masa yawa. Ba ya haushi ba ya cizo, in baƙo ya shigo sai ya shige ƙarƙashin teburin kicin ya lafe jikinsa na rawa. Ni ma haka ya yi ta min da farko, a hankali ya fara fitowa in na zo ya tsaya daga nesa yana kallona ina haɗa mata shayi, daga baya har rako ni yake bakin ƙofa.

Yanzu jikin tsohuwar ya yi nauyi an mayar da ita gidan kula da tsofaffi, can kuma ba sa karɓar kare. Ƴaƴanta suka miƙa shi ga wata ƙaramar ƙungiyar ceton karnuka, su ba su da wajen ajiya, gidajen masu sa kai suke rarraba karnukan a riƙe kafin a samu mai ɗauka. Yana hannun wata mata mai kirki amma watanni sun tafi ba wanda ya neme shi, kowa ɗan kwikwiyo yake so, wanda ya zo gani ma sai ya tarar da kare a bayan kujera ya ƙi fitowa ya juya abinsa. Na nemi izini na je na gan shi, wlh da ya ji muryata ya fito ya zo ya tsaya kusa da ƙafata, matar ta ce bai taɓa yi wa wani baƙo haka ba. Tun ranar abin ya tsaya min a rai.

Maigida bai ƙi ba amma ya ce ba zai hau sama ba kuma ba zai shiga inda muke sallah ba. Yara biyu gare mu, babbar 14 ƙaramin 9. Gidan haya ne da ɗan fili a baya. Tambayoyina, ya ake yi da kare mai irin wannan tsoron in ya zo sabon gida? Me zan tambayi mai riƙon? Kuɗi fa, tunda tsoho ne? Sannan maganar addini, masu ilimi ku faɗa min gaskiya ko da ba za ta min daɗi ba. Ban taɓa ajiye ko mage ba.

Ɗan_Tudu ya amsa:

Wa alaikumus salam Maman Iman. Ni a Jos na tashi cikin karnuka, nan Ingila kuma na karɓi wani da aka kawo daga Romaniya, karen titi ne mai tsoro kamar naki, don haka bari in faɗa miki abinda na gani da idona.

Babban abinda zaki masa a satin farko shine ki ƙyale shi. Da wuya fa, don zuciya tana so ta rarrashe shi, yara suna so su taɓa, amma a wajensa hannu da ya nufo kansa daga sama da ido da aka zuba masa duk barazana ce. Ki zaɓa masa lungu ɗaya inda ba hanyar wucewa ba, tunda ƙarƙashin tebur ya saba to ki ba shi tebur ko ki rufa bargo a kan wani abu ya zama ɗan kogo, ruwa da abinci kusa da wajen, kuma doka a gidan ita ce in yana ciki ba mai leƙa shi ba mai jawo shi, har ke. Ki zauna a ƙasa nesa kaɗan kina ba shi gefen jikinki kina harkar wayarki, lokaci lokaci ki jefa ɗan naman kaza. Ki jefa bayansa, kar ki riƙe a hannu kina kiransa, don in yunwa ta sa ya zo hannunki alhali tsoro bai sake shi ba sai ya tsinci kansa kusa da ke ya firgice. In kin jefa bayansa ya ci kuma ya samu nisa, da kansa zai dawo neman wani.

Masu ƙungiyoyin nan suna yawan cewa kwana 3, sati 3, wata 3, wato kwana uku na ruɗewa, sati uku ya fara gane tsarin gida, wata uku ya ji nan gidansu ne. Kar ki riƙe shi kamar lissafin banki, karena ya haura haka sosai kafin ya yarda ya kwanta ya miƙe ƙafa a falo. Zai iya ƙin cin abinci kwana ɗaya ko biyu, zai iya yin fitsari a ciki ko da a can baya yi, kar a daka masa tsawa, a goge kawai a riƙa fitar da shi a kan lokaci.

Ki koyi karanta jikinsa ki koya wa yaran. Hamma ba bacci ba, lasar leɓe ba abinci, kau da kai, farin ido ya fito, wutsiya a cikin ƙafafu, haki ba zafi, duk cewa yake a ba ni wuri. In ya yi gurnani kar a hukunta shi ko kaɗan, gargaɗi ne, karen da aka hana gurnani shi ne wata rana yake cizo ba sanarwa. In ya fara zuwa da kansa ki shafa ƙirjinsa ko gefen wuya kamar daƙiƙa uku ki janye hannu, in ya matso ki ƙara in ya tsaya ko ya juya to ya isa.

Abu na ƙarshe kuma shi ya fi ba ni tsoro, gudu. Karnuka masu tsoro a kwanakin farko suke ɓata, ƙofa ta buɗe ɗan saƙo ya kawo kaya ko yaro ya dawo makaranta shikenan ya fice, kuma in ya fice ba ya amsa kira ko na wanda ya sani. Ki sa ƴar ƙofar nan ta yara tsakaninsa da ƙofar waje. In za ku fita igiya biyu, ɗaya a wuya ɗaya a rigar ƙirji irin mai madauri uku da ba ya iya zamewa ta baya. Ko a filin bayan gida ki bar masa doguwar igiya da farko, koli ko ya tsufa yana iya tsallake shinge in ya tsorata. Kar ma ki yi gaggawar yawo, bayan gida ya ishe shi har sai ya san ƙofarku.

Abu_Hafsa ya amsa:

Malama Allah ya saka da alheri da kika sa tambayar addini a ciki, kuma kika ce a faɗi gaskiya. Mas'ala biyu ce mutane suke cakuɗawa, najasa daban, ajiye kare daban.

Ta najasa, a mazhabar Imamu Malik da akasarinmu muka tashi a kanta duk abu mai rai tsarkakakke ne har da kare, gashinsa da yawunsa ba sa ɓata miki tufafi ko alwala, wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ya sha kuwa bin umarni ne na bauta ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ce mai kauri, wanki bakwai ɗaya da ƙasa. Fitsarinsa da kashinsa kam najasa ne a wajen kowa.

Ta ajiyewa ita ce mai nauyi. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ajiye kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa ƙiraɗi daga ladansa kullum, a wata ruwayar biyu, kuma mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗannan ukun, har ana kawo labarin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani mai Risala cewa ya ajiye kare don tsaron gidansa, da aka ce masa ai Malik ya ƙi hakan sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. Amma tsakani da Allah karen da kika siffanta mana wanda yake ɓuya in ya ga baƙo ba za a kira shi mai gadi ba, kar mu yi wa kanmu dabara.

Ta ɗaya gefen kuma hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare Allah ya gafarta masa shi ma ingantacce ne, da faɗin Annabi SAW cewa akwai lada a kyautata wa duk mai ɗanyar hanta. Tausayin da kike ji abu ne mai kyau kar wani ya kunyata ki a kansa. Shawarata ki kai maganar yadda take ga malamin da ya san zamanku na can, ki ce masa tsoho ne, ba shi da mai ɗauka, ga inda zai zauna a gidan. Kuma ki sani taimako ba sai ya kwana gidanki ba, kina iya ɗaukar nauyin abincinsa da maganinsa a inda yake, kina zuwa kina fita da shi.

UwarGida_Bamingam ta amsa:

Yar uwa ni aikinmu daya dake shi yasa zan fada miki wanda wasu baza su fada ba. Wa zai zauna dashi in kin fita? Manyan kungiyoyin kula da dabbobi na kasar nan irin su RSPCA da Dogs Trust shawararsu kar a bar kare shi kadai sama da awa 4, ke kuma kin san yadda rota, wato jadawalin aikinmu, take, ki fita da duhu ki dawo da duhu, maigida na wajen aiki yara na makaranta, karen da ya saba da tsohuwa tana gida dare da rana ki kulle shi shi kadai a gidan da bai sani ba ai kin kara masa wani tsoron ne akan wanda yake dashi.

Na biyu zuwa gida. In hutun bazara yazo kuka tafi Najeriya sati hudu ko biyar, ko Allah ya kira ku Umara, ko aka bugo waya cikin dare akace jikin Mama ki taho, ina zaki kai shi? Gidan ajiyar karnuka na kudi ne kuma hayaniyar wajen kadai ta isa ta rikita irin wannan, cikin mutanenmu kuma kin sani ba wacce zaki ce ta rike miki kare.

Na uku baki. Gidajenmu ba irin na turawa bane da sai an yi alkawari sati biyu kafin azo, ranar sallah ko suna ko wani ya sauka daga gida falo cike yake da yara suna guje guje, akwai kuma wadanda in sun ji da kare a gidan sun daina zuwa kenan, wasu ko ruwanki baza su sha ba, ki shirya ma wannan a ranki tun yanzu kar yazo ya miki ciwo daga baya. Sai mai gidan haya, ki samu yardarsa a rubuce ba a baki ba. Kuma tunda ta hanyar aiki kika san karen ki sanar da manajanki a rubuce kafin komai, kin san yadda suke da maganar karbar abu daga wajen wanda kake kula dashi ko danginsa, duk da ta hannun kungiya zai fito gara ace sun sani.

Ba hana ki nake ba wlh, naji tausayinsa nima. Amma in kika dauko shi bayan wata biyu kika mayar, gida na nawa kenan ya rasa? Gara ya zauna inda yake akan haka.

Likitan_Dabbobi ya amsa:

Hajiya sannu da ƙoƙari. Bari in taɓa ɓangaren lafiya da kuɗi tunda shi ne aikina.

Kafin ki sa hannu ki nemi ƙungiyar ta ba ki cikakken tarihinsa na asibiti, ba taƙaitawa ba. A shekara 10 abubuwan da nake fara dubawa haƙora, gaɓɓai, ido, kunne, sai gwajin jini don ƙoda da hanta. Dalilin da yasa na damu da wannan, sau da yawa abinda ake kira tsoro a tsohon kare rabinsa ciwo ne. Karen da ƙugunsa ke ciwo ba ya son a taɓa shi, wanda ji ya ragu ko yanar ido ta fara rufe masa gani firgita yake in an zo ta bayansa. Na sha ganin an fara maganin ciwon gaɓɓai cikin ƴan makonni masu shi su ce kamar an canza musu kare. Akwai na sha kullum irin meloxicam akwai allurar wata wata, likitansa zai zaɓa bayan ya ga jininsa. Kar a ba shi maganin mutane, ibuprofen na iya huda masa ciki ya lalata ƙoda, ko farasitamol sai likita ya auna. In ƙasan gidanku katako ne mai santsi ki shimfiɗa ƴan kafet a hanyarsa, zamewa tana ƙara musu ciwo da tsoro. Sharaɗin maigida na hana shi hawa sama ma alheri ne ga gwiwoyinsa.

Inshora, ki karanta da kyau, kusan dukkansu ba sa biyan ciwon da yake da shi kafin a yi rajista, kuma na tsohon kare ya fi tsada sannan sukan ce ki biya wani kaso na kowane magani. Ki tambayi ƙungiyar kai tsaye ko za su ci gaba da ɗaukar nauyin ciwon da ya zo da shi, wasu suna yi wa tsofaffin karnuka haka, wasu ma suna barin kare a matsayin riƙo na dindindin, yana gidanki amma asibiti nasu ne.

Kicin ɗinmu kuma sai an kula. Albasa da tafarnuwa suna fasa musu jajayen ƙwayoyin jini, ɗanye ko dafaffe ko gari, kenan miya da jalof da ragowar tsire duk ba nasa ba ne. Inabi da zabibi suna kashe ƙoda. Cakulan, cingam mai sinadarin zaƙi na xylitol, dafaffen ƙashin kaza, su ma duk haɗari ne. Sai wanda ba za ki gani a takardun turawa ba, goro, yana da irin sinadaran da ke cikin kofi da cakulan, in baƙi sun zo kar a bar shi a faranti a ƙasa, ƙwallon dabino ma yana iya toshe hanji. Ki ci gaba da ainihin abincin da mai riƙon take ba shi, in za ki canza a hankali cikin sati guda.

Doka, tun Afrilun 2016 dole kowane kare a Ingila ya kasance da ƴar na'urar shaida a ƙarƙashin fata kuma bayanan su zama na yanzu, ki tabbata an sa lambarki ranar da ya zo, kuma in zai fita dole a sa masa abin wuya mai ɗauke da sunanki da adireshi. Ciwon haukan kare da muke tsoro a gida an kawar da shi a karnukan Birtaniya tun 1922, nan rigakafin shekara da maganin ƙuma da tsutsar ciki ne aikinki.

Magana ta ƙarshe mai nauyi, irinsa sukan kai 12 zuwa 14. Shekaru kaɗan za ku yi tare kuma na ƙarshen da hidima, wataƙila har ranar da likita zai ce wahalar ta yi yawa a yanke shawara. Ku yi wannan maganar da maigida da babbar ƴarki tun yanzu.

Maman_Iman ta amsa:

Na gode ƙwarai Allah ya bar zumunci, na karanta kowanne har na tura wa maigida. Anti ta Bamingam maganarki ta hana ni bacci amma ita ta sa na kira mai riƙon na yi mata tambayoyin da ban yi niyya ba. Ta ce ana barinsa awa biyu zuwa uku ba ya ɓarna, bacci yake, fiye da haka ba ta taɓa gwadawa ba. Maza masu ɗaga murya da sanda ko tsintsiya a hannu su ne abin tsoronsa, yara kuma bai zauna da su ba sam, wannan ya sa jikina ya yi sanyi saboda ƙaramin nawa akwai ƙiriniya. Ta ce yana ɗingishi da safe, Dakta na rubuta abinda ka ce zan nemi a duba ƙugunsa.

Maigida aikin dare yake yi yawanci, da rana yana gida, to maganar kaɗaici da sauƙi in ban da ranakun da muka haɗu a waje. Tafiya gida kuma matar da kanta ta ce in dai an sanar da ita da wuri za ta riƙa karɓarsa. Ƙungiyar ta ce sai sun zo sun duba gida da shinge, kuma ba sa ba wanda zai ajiye kare a waje, akwai ɗan ɗakin wanki a bayan kicin mai ƙofa zuwa fili shi nake tunani. Sun yarda mu fara da ziyara, in kai yaran da maigida ɗaya bayan ɗaya can gidanta, in ya tafi daidai sai riƙon gwaji kafin a yi takarda. Malam Abu Hafsa ranar Juma'a in sha Allah za mu ga limaminmu ni da maigida, in ya ce a'a zan bi ɗaya hanyar da ka faɗa. Manaja kuma na tura mata saƙo yau.

Ɗan_Tudu ya amsa:

Madalla. In za ki kai yaron ki ba shi aiki, ki ce shi ne mai jefa kaza kuma wasan shine kar ya kalli karen kar ya yi magana, yara sun fi bin doka in an ba su matsayi. Maigida kuma ya zauna a ƙasa ya rage murya, in da hali daga baya shi zai riƙa zuba abinci. Ki roƙi matar ta haɗo miki da bargonsa ba tare da an wanke ba, da kwanonsa, ki rubuta lokutan da take ciyar da shi da fitar da shi ki bi su daidai.

Ki duba kalanda kuma. Kar ki yarda ranar ɗauko shi ta faɗo kusa da 5 ga Nuwamba, kin san yadda unguwanni suke ɗaukar ƙarar wasan wuta tun kafin ranar har bayanta, ga na Diwali bikin Indiyawa ga na sabuwar shekara, koli kuma suna cikin waɗanda ƙara ta fi damu. Ki tambayi matar yadda yake yi da tsawa, in abin ya yi tsanani Dakta zai faɗa miki akwai maganin da ake bayarwa amma sai an je asibiti makonni kafin lokacin a gwada. Ko dai ya zo da wuri ya saba kafin nan, ko ki bari sai Janairu ta shiga.